Sintok ko Pullman: ka lissafa agogo kafin ka lissafa kuɗin jirgi

Ɗan'uwa, ka ce ka samu gurbin karatu a wuri biyu, Jami'ar Utara da ke Sintok a jihar Kedah ta Malesiya, da Jami'ar Jihar Washington da ke Pullman a Amurka, kuma iyali za ka bari a Kano. Kana so ka san inda zai fi maka sauƙin riƙe gida daga nesa.

Sintok tana gaban Najeriya da Nijar da awa 7, rani da damina. Pullman kuwa baya take: awa 9 a lokacin sanyi, awa 8 daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadi ta farko a Nuwamba. Wannan canjin ne ke sa mutum ya saɓa alƙawarin waya sau biyu a shekara, don agogon Kano ba ya motsawa. Ka saka agogon garuruwan biyu a fuskar wayarka da sunan gari, kada ka riƙe lissafin a ka.

Yawan awannin ba shi ne abin dubawa ba, sai dai lokacin da ku duka kuke a farke. Banki ko ofis da ke aiki daga 8 na safe zuwa 4 na yamma a gida, a Sintok daga 3 na rana ne zuwa 11 na dare, ka fito daga aji ka yi kiranka a natse. A Pullman lokacin sanyi, daga 11 na dare ne zuwa 7 na safe. Gaida Hajiya kuwa sai tsakanin asuba da hantsi, don sha biyun ranarka taran darensu ce. Mai ƙananan yara da ke son ganinsu kullum, Sintok ta fi masa.

Ka kiyaye da wa'adin tura takardu tun kana gida. In Malesiya ta ce 11:59 na dare, 4:59 na yamma ne a Kano, a ranar. Mai jiran a kawo wuta bayan isha'i ya makara. Na Pullman kuwa sai ya kai ka safiyar gobe.

Ranaku ma ba su daidaita ba. A Kedah Juma'a da Asabar ake hutu, Lahadi ranar aji ce. A Pullman Juma'a ana karatu, sai ka zaɓi darussan da ba su hau kan lokacin masallaci ba tun ranar rajista. Akwai masallaci a garin.

Lokacin salla zai ba ka mamaki a ko'ina. Agogon Malesiya ya riga rana, shi ya sa azahar ke shiga bayan ƙarfe 1, magariba wajen 7 ko bayanta kaɗan, haka shekara take ƙarewa. A Pullman rana kan faɗi wajen 4 na yamma a Disamba, a Yuni kuwa sai kusan 9 saura kwata, asuba ta shiga wajen 3 na dare.

Duka biyun ƙananan garuruwa ne da jami'a ke riƙe da su. Sintok daji ne kusa da iyakar Tailan. Cefane a Changlun ake yi, babban gari kuwa Alor Setar. Abinci halal ne kusan ko'ina, ga shinkafa da kifi da kasuwar dare, ga zafi mai gumi da ruwan sama, ka kuma tarar da 'yan Arewa. Pullman tana tsakiyar gonakin alkama, ƙanƙara na zuba, kuma a hutun bazara garin kan yi tsit. Garin Moscow na jihar Idaho kilomita 13 ne, agogonsu ɗaya. Spokane, inda babban filin jirgi yake, kusan kilomita 120 ne, kuma in ba ka da mota za ka ji jiki.

Duk inda ka zaɓa, kada ka yar da layin wayar da bankinka ya sani. Ka buɗe masa damar aiki a waje kafin ka tashi, don ta nan lambar tabbatarwa ke zuwa.