Tambaya da Amsa: Yaro sa'an autana yace waƙata ba waƙa bace

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam mai wannan fili. Dan Allah wata damuwa ce take cina kuma ina jin nauyin faɗa wa 'ya'yana shi yasa na rubuto maka. Ni tsohon malamin gona ne, na yi ritaya, yanzu shekarata 63. Bayan rasuwar mai ɗakina ne na fara rubuta waƙa, ban taɓa koyonta a makaranta ba, kawai in dare yayi bacci ya ƙi zuwa sai in ɗauki biro da littafi in ta rubutu ina rerawa ƙasa ƙasa, a haka har na cika littafi huɗu. Akwai wani zama da marubuta suke yi a garinmu duk Asabar ɗin ƙarshen wata, maƙwabcina ne ya ja ni, toh watan jiya sai nayi ƙarfin hali na tashi na karanta wata da nayi kan damina. Ga kaɗan daga ciki:

Ruwa ya zubo damina ta tsaya
Gari ya yi sanyi a mance wuya
Sai dai babu mai kai mini tuwo da miya

Ina gamawa wani yaro ya miƙe, wallahi bai fi 25 ba, ance digiri yayi a Hausa, yana wani murmushi yace "Baba kayi ƙoƙari, amma gaskiya wannan ba waƙa bace jerin magana ce, ba kari ba ma'auni." Ya jero wasu kalmomi su zihafi su illa da ban taɓa ji ba, ƙarshe yace wai a shekaruna da na bar wa masu abin abinsu na riƙe carbi. Wasu suka yi dariya. Ban ce uffan ba na naɗe takardata na sa a aljihu. Tun ranar ban ƙara buɗe littafin ba. Malam shin gaskiya ya faɗa? In haƙura da waƙar ne? Maƙwabcin nawa cewa yayi muje mu samu uban yaron tunda mun san gidansu.

Wani dattijo, Funtuwa

AMSA

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya jiƙan Mama ya sa ta huta, ya baku haƙurin rashi.

Kafin mu zo kan yaron bari mu fara da takardar da ka naɗe a aljihu, dan ni da wasiƙarka ta iso ɗangon nan uku, wato layukan waƙar, na fara rerawa, har abokin aikina ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Saurara kaji yadda na farko yake tafiya, inda na sa manyan haruffa nan ne gaɓar take da nauyi, wato inda murya ke ja ko gaɓar ta rufe da baƙi:

ru-WA-YA / zu-BO-DA / mi-NA-TA / tsa-YA

Ga na biyu:

ga-RI-YA / yi-SAN-YI / a-MAN-CE / wu-YA

Gajera ɗaya dogaye biyu, gajera ɗaya dogaye biyu, haka har sau uku sai a rufe da gajera ɗaya doguwa ɗaya, gaɓa 11 a kowanne ba ƙari ba ragi. Baba wannan kari ne mai suna, masu aruli, wato ilimin auna karin waƙa, Mutaƙarab suke ce mishi, ƙafarsa, wato 'yan gaɓoɓin da ke ta maimaituwa, fa'ulun, kuma yana cikin karin da marubuta waƙar Hausa suka saba hawa tun zamanin ajami. Kai da baka taɓa jin sunansa ba kunnenka ne ya kai ka kanshi. Ga amsa-amo kuma na "ya" ka riƙe daga tsaya zuwa wuya zuwa miya. Toh duk wanda yace babu ma'auni a nan, ko dai bai saurara ba ko kuma dama tun kafin ka buɗe baki ya gama shirya abin da zai faɗa, ni na fi zargin na biyun.

Amma fa ba zan yi maka daɗin baki ba tunda tambaya kayi. Ɗango na uku ya karye. Ƙirga da yatsa, gaɓa 13 ce, ya fara da masu nauyi uku a jere, SAI-DAI-BA, can tsakiya kuma gajeru uku suka taru, mi-ni-tu, dole harshe yayi sauri ya haɗiye su kamar mai gudun kar mota ta barshi a tasha. A nan yaron yana da gaskiya, ko da shi kanshi bai iya nuna maka wurin ba. Abin da ya bani haushi shine wannan ɗangon da ya karye shine ran waƙar gaba ɗaya. Biyun farko duk wani mai kunne zai iya yinsu, ruwa ya zubo gari yayi sanyi, kowa ya gani. Na ukun ne naka kai kaɗai, mutum a gona rana ta take yana duban hanya alhali ya san babu mai zuwa da kwano. Ina ganin a daidai nan zuciya ta rinjayi kunne shi yasa maganar ta zubo da yawa. Da yaron nan matarki ne na gaske, wato mai feɗe waƙa, nan zai tsaya yace Baba wannan wurin ya taɓa ni, bari mu ga yadda za'a ɗora shi kan karin 'yan uwansa. Misali ni na gwada "Ina wadda ke kai tuwo da miya", ya dawo gaɓa 11, ƙafa ta uku ta ɗan gajarce amma aruli ya yarda da irin wannan, kuma irinsa ne ake kira zihafi, kalmar da aka tsorata ka da ita. Ba wani dodo bane, ɗan sassauci ne da aka yarje wa mawaƙi a cikin ƙafa. Ban ce ka ɗauki nawa ba, ni ba mawaƙi bane kuma ba ni na zauna da Mama ba, naka gyaran zai fi.

Shi wannan aruli da ake ta yi wa mutane barazana da shi, wani malami ne a Basra mai suna Halilu ɗan Ahmad ya tsara shi a ƙarni na 8 na Miladiyya, ya fitar da kari 15, daga baya wani malamin, Ahfash, ya ƙara ɗaya suka zama 16. Kuma ba ƙirƙiro su yayi ba, waƙoƙin Larabawa da suka riga shi ya bi ya saurara ya auna, su Imru'ul Ƙaisi sun yi waƙa sun mutu tun kafin zuwan Musulunci basu san wani fa'ulun ba. Har akwai ruwayar da ake bayarwa cewa bugun guduma a kasuwar maƙera ne ya fara ankarar da shi. Kaga kenan kunne ne ya riga sikeli. A nan gida ma Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, da ka yake tsara waƙa, Jami'ar Ahmadu Bello ta bashi digirin girmamawa na dakta, yau ɗalibai da waƙoƙinsa suke cin jarabawa. Ita dai jami'ar ta ba Mamman Shata irin wannan digiri, shi kam ba sai na baka labarinsa ba tunda a Funtuwa ya zauna. Eh na sani Shata waƙar baka yake yi, wani zai ce ba ɗaya bane, amma marubutan ƙarni na 20 da yawa daga bakin makaɗa da 'yan matan dandali suka ari karinsu suka zuba rubutacciyar waƙa a kai, malaman jami'a kuma suka biyo baya suna nazari.

Akwai kuma wani abu da ka faɗa da na lura da shi, a ɗaki kace rerawa kake, a taro kuma kace karantawa kayi. Kar ka ƙara. Waƙar Hausa ko an rubuta ta dan a rera aka yi ta, kuma rubutun boko ɗin nan namu baya nuna tsawon wasali, garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo duk "gari" muke rubutawa alhali na biyun jan "ga" ake yi. Ajami ya fi mu a nan dan shi yana nuna inda aka ja. Toh in ka karanta ta a shimfiɗe kamar sanarwar ɗaurin aure, murya na rawa saboda karon farko ne a gaban jama'a, ka ɓoye karin da kanka.

Yanzu batun carbi. Wannan ba tarke bane Baba, rashin kunya ce, kuma jahilci ne da tarihin abin da yake taƙamar ya karanta. Rubutacciyar waƙar Hausa a hannun masu carbi ta girma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙaninsa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da mutane, ita Nana har tsufanta tana yi kafin ta rasu a 1864, kuma cikin waƙoƙinta akwai na alhinin waɗanda ta rasa, irin dai abin da ya zaunar da kai da biro cikin dare. Yaushe aka fara yanka wa waƙa shekarun ritaya kamar aikin gwamnati?

Sai dai kuma ban so ka fake da girma kace yaro bai isa ya gyara maka ba, dan na ga alamar maƙwabcinka can ya nufa. Yaro yana gyara wa babba a wannan fagen kuma ba yau aka fara ba. Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, yayi waƙarsa "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", Mudi Sipikin da aka haifa a 1930, wato Sa'adu ya girme shi da wajen shekara 15, bai yarda da matsayinsa ba sai ya mayar mishi da "Arewa Jumhuriya Kawai". Duba bambancin, bai ce wa Sa'adu koma gida ka huta ba, zama yayi ya tsara tasa waƙar ya ajiye a gefen ta babban, duniya ta auna. Shi dai Mudin ne ya jagoranci ƙungiyar Hikima a Kano, inda talakawa masu sana'o'insu, maza da mata, suke kawo waƙa ana saurara har ana sa su a rediyo, ba wanda aka tambaya takardar digiri a bakin ƙofa. Wai shin yaron naku shi ya karanta tasa waƙar a zaman kuwa? Baka faɗa ba, amma zan so in sani.

Ni na san irin yaran nan dan nima na taɓa zama ɗaya, kunya ma nake ji in na tuna. Shekarar da na fara jin kalmomin feɗe waƙa a aji, su jigo su salo su zubi da tsari, duk wanda ya rera abu a gabana sai na feɗe shi, har wata gwaggona mai waƙar niƙa sai da na gaya mata wai baitinta bai daidaita ba, ta kalle ni tace toh ɗan boko zo ka karɓi dutsen ka daidaita. Sabuwar wuƙa ce a hannu, komai ya gani so yake ya yanka. Yawanci yana wucewa, in an samu wanda ya saita shi da wuri.

Zuwa wurin ubansa kam ban goyi baya ba. Uban zai kira shi yayi mishi faɗa, a turo shi ya durƙusa yace Baba kayi haƙuri, kai kuma ka zama dattijon da ya kai ƙara saboda an taɓa waƙarsa, daga ranar duk abin da ka karanta tafi kawai za'a yi maka na ladabi ba mai ƙara faɗa maka gaskiya, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo in ka daɗe a harkar. Wanda ya kamata ayi wa magana shine mai shugabantar zaman, a gefe, cikin ruwan sanyi, dan aikinsa ne ya tsawatar tun a lokacin, kuma wurin da ake dariya in an muzanta sabon zuwa ba zai daɗe yana samun sababbi ba.

Shi kuma yaron, in ka koma, kuma ina so ka koma Asabar ɗin nan mai zuwa ta ƙarshen wata, ka kira shi da kanka ka miƙa mishi takardar da biro kace ɗana rannan kace babu ma'auni, zauna ka yanka min ɗangon nan uku gaɓa gaɓa ka nuna min inda ya karye. Ba da gatse ba, da gaske. In ya iya, zai gano da hannunsa cewa biyu lafiyarsu ƙalau, zai nuna maka na ukun, ka samu malamin aruli kyauta shi kuma ya samu darasin da ba'a bashi a jami'a ba. In kuma ya tsaya kame kame yana sosa ƙeya toh ka san nauyin maganarsa, ba sai ka ƙara kwana da ita ba.

Kafin ranar ga ɗan aiki. Ɗauko littafi na farko, sa jikanka ya kunna maka rikodin a waya, ka rera waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe kana buga yatsa a gwiwa, sannan ka saurara. Duk inda kaji ka yi sauri ko ka ja wata kalma fiye da yadda ake faɗinta dan ta cike gurbi, sa mata alama da jan biro, yawanci kalma ɗaya ce tayi yawa, irin su "sai dai" da "kuma" da "mini". Kuma dan Allah a yi wa littattafan nan huɗu fotokwafi a ajiye wani wuri daban, damina ce, na san abin da yoyon rufi yake yi wa takarda.

Ita kuma ta daminar ka turo min ita cikakkiya in ka gyara, ina so in ji abin da ya biyo bayan tuwo da miyar.