Ki fara kai Inna asibiti, maganar biza ta biyo baya

Ƙanwata na ga saƙonki, wai in nemo miki hanyar zuwa Ingila ki yi aikin nas a sashen masu ciwon daji kamar ni, sai can ƙasa kika ɗan saƙala cewa Inna ta yi zazzaɓi a kwana na tara bayan an saka mata kemo, wato maganin ciwon daji, a asibitin Shika, kun ba ta farasitamol da maganin maleriya daga kemis ya sauka. Haba ke kuwa, da karatunki na jinya?

Kemo ba ƙwayoyin daji kaɗai yake kashewa ba, har da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, kuma sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an saka shi. Nan inda nake aiki in mai kemo ya kai 38 a ma'aunin zafi, cikin awa ɗaya ake so antibayotik ya shiga jijiyarsa, ko sakamakon jini ba a jira. Farasitamol ɓoye zafin kawai yake yi. Yau ɗin nan ku kai ta a auna jininta, ko da ta ce ta warware, kin san Inna da dauriya.

Sannan ki tambayi likitanta zancen allurar filgrastim, ita ce ke zaburar da ɓargo ya ƙara samar da fararen. Ƙarƙashin fata ake yin ta kullum na wasu kwanaki, ba a farawa sai kemo ya yi awa 24, akwai kuma pegfilgrastim da ake yi sau ɗaya a kowane zagaye. Ba kowa ake wa ba, amma mai shekarunta da ta riga ta yi zazzaɓi, dole a yi maganar. Tana sa ciwon ƙashi, kar ku tsorata. A firij take zama, kin kuma san halin wutar Tudun Wada, to ki san inda za ki ajiye kafin ki saya. Kuɗin ni zan turo.

Maltina da madara da ruwan ugu da kuke ɗura mata ba sa ɗaga fararen nan, ku bar wahalar da baiwar Allah. Abin da zai taimaka shi ne wanke hannu, dafaffen abinci mai zafi, ban da nonon da ba a tafasa ba da kunun ayar kan titi, a kuma rage 'yan dubiya. Na faɗi wannan a gurup ɗin gida aka ce na zama baturiya ina korar dangi, har yau abin na min ciwo, ni da nake kwana a tsaye kan irin waɗannan marasa lafiya, in fito da asuba cikin sanyi in tura kuɗi.

Zancen zuwa kuwa, sai kin ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, ki yi CBT, wato jarrabawar jinya a kwamfuta, ki zo nan ki yi OSCE, jarrabawar gwajin aiki a aikace, kafin NMC, hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta nan, ta ba ki lambar rajista, ni da shekaruna na aiki a Kaduna haka aka mai da ni kamar ɗaliba na jure. Duk ejan ɗin da ya ce ki ba shi miliyoyi ya ba ki takardar aiki ɓarawo ne, kar ki sayar da filin Baba. Ki turo min hoton sakamakon jinin ta WhatsApp da zarar ya fito, ina son ganin adadin nutrofil, wato nau'in fararen ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, da idona.