Rahoto ɗaya muka kalla, amma kowa na cewa nasa aka danne

Tambaya: Malam, ni da yayana ba jam'iyya ɗaya muke goyon baya ba. Mun kalli wani rahoton zaɓe tare a talabijin, ni na ga an danne ɗan takararmu, shi kuma ya rantse nasu aka ci wa mutunci. Wane ne mai gaskiya a cikinmu? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, ina kyautata zaton babu wanda ya yi ƙarya a cikinku, kowa abin da ya gani ya faɗa.

A 1985 wasu masu bincike uku na Jami'ar Stanford a Amurka, Robert Vallone da Lee Ross da Mark Lepper, sun wallafa sakamakon wani gwaji. Sun nuna wa ɗalibai 144 rahotannin talabijin kan kisan gillar da aka yi a sansanonin Falasɗinawa na Sabra da Shatila a Beirut a 1982. Rahotanni iri ɗaya kowa ya kalla. Magoya bayan Isra'ila suka ce an shafa mata baƙin fenti, magoya bayan Larabawa suka ce an yi mata sassauci. Har a abin da suka tuna an faɗa sai da suka saɓa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, waɗanda suka fi sanin rikicin su suka fi ganin an juya wa ɓangarensu baya. Ilimi bai kare su ba.

So hana ganin laifi. A wurinki hujjar jam'iyyarku gaskiya ce tsagwaronta, don haka idan ɗan jarida ya raba lokaci daidai, sai ki ji kamar ya daidaita gaskiya da ƙarya. Yabon da aka yi wa naku kuwa ba ki ƙirga shi ba, don a ganinki haƙƙinsa ne, sukar ce ta zauna miki. Haka yayanki ma.

Akwai kuma fargabar kada a ruɗi jama'a. A 2004 Albert Gunther da Kathleen Schmitt sun bai wa mutane rubutu guda kan amfanin gona da aka sauya wa ƙwayoyin halitta. Da aka ce labarin jarida ne, masu ra'ayi suka ga son kai a ciki. Da aka ce rubutun ɗalibi ne, wanda ba zai kai ga jama'a da yawa ba, zargin ya lafa.

Kada ki ɗauka ina wanke 'yan jarida. Son kai a labarai yana nan, yana kuma cutarwa. Sai dai ɓacin rai ba ya isa shaida. Ku nemo rahoton ku sake kallo da takarda a hannu. Ku rubuta wanda aka bari ya yi magana da bakinsa, minti nawa ya samu, da wace kalma aka siffanta shi, da abin da aka tsallake. Amma ke ki ƙirga wa ɗan takarar yayanki, shi ya ƙirga wa naki.