Kwamfutar shago tana nauyi, yaya zan gane ko RAM ce ta cika?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kwamfutar Linux ta shagonka a Maradi tana nauyi da rana, kuma umarnin free -h ya nuna maka RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ta kusa ƙarewa.

Kada hankalinka ya tashi tukuna. Linux yakan ajiye fayiloli a RAM ɗin da ba a amfani da ita, kuma yana sakinta da zarar an buƙata. Ka duba ginshiƙin available a abin da free -h ya nuna, shi ne ainihin abin da ya rage maka. Mutane da yawa nan suke ruɗewa, su je su sayo RAM a banza.

Lokacin da nauyin ya taso, rubuta umarnin vmstat 2 10 a inda ka rubuta free -h. Layin farko ka bar shi, matsakaicin lissafi ne tun daga kunna na'urar. Ka sa ido kan ginshiƙan si da so, su ke nuna shige da ficen bayanai tsakanin RAM da swap, wato wurin da aka ware a faifai (hard disk) don ya tallafa wa RAM. In lambobinsu suna ta hawa ba sa komawa sifiri, RAM ta gaza, na'urar tana kwashe bayanai zuwa faifai, faifai kuwa tafiyar hawainiya yake. In ginshiƙin wa, mai nuna lokacin jiran faifai, ne ya yi yawa alhali si da so suna kwance, faifan ne abin zargi. Sannan ka rubuta umarnin top, ka danna M babba, manhajar da ta fi cin RAM za ta hau sama. Ni tawa, burauza ce mai shafuka ashirin a buɗe.

Don Allah kada ka kashe swap RAM tana cike, na'urar na iya kashe maka aikin da kake yi.

In kana jin faifan yana ƙas-ƙas, kwafe fayilolinka yau ɗin nan ka kai wa mai gyara. Ya busa ƙurar fanka ma, tun da da rana abin yake tasowa, ga zafin garinmu.