Na rage cin abinci har jiri na ɗibata, amma tumbin na nan. In ƙara ragewa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, ya aiki ya iyali? Ni malamar makaranta ce a nan Jos, shekaruna 29, ina da aure da yaro ɗaya wanda na yaye bara. Bayan haihuwa na yi ƙiba har na kai kilo 79, tsawona kuma mita 1.63. Wata huɗu da suka wuce na ɗaura ɗamarar ragewa. Da safe ruwan ɗumi da lemon tsami kawai nake sha, da rana kokwamba ko tuffa, sai bayan magariba in ɗan taɓa abinci, ba shinkafa ba tuwo. Kullum bayan asuba ina tsallen igiya, in zagaya unguwa. Na sauko kilo 71, amma yau mako biyar ke nan sikeli ya tsaya cak. Tumbin na nan, hannuwa da cinyoyina sun saki, in na ɗago daga sujada jiri nake ji, sanyi na damuna fiye da kowa a gidan, gashina na zuba wajen kitso, al'adata kuma wata biyu ban gan ta ba. Wata ƙawata ta ce in ƙara rage abincin in haɗa da shayin rage ƙiba. Ni dai so nake jikina ya ɗaure ya yi ƙarfi. Don Allah ki ba ni shawara.

Daga wata 'yar'uwa, Anguwan Rogo.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kafin mu taɓa zancen abinci, ki yi awon ciki, yau ɗin nan in zai yiwu. Matar aure da ta yi wata biyu ba ta ga al'ada ba, ga jiri ga kasala, ba a tsallake wannan awon. Tsinken gwaji na kowane kemis ya isa. In akwai ciki, maganar rage ƙiba ta tsaya sai bayan haihuwa, zuwa awon masu ciki a asibiti kawai za ki fara. In babu, duk da haka ki je asibiti a duba yawan jininki, a auna hawansa, a duba suga da ƙwayar tayirod da ke wuya, domin ƙarancin jini da matsalar tayirod duk suna kawo jin sanyi da zubar gashi.

Shawarar ƙawarki kuwa, kada ki ɗauka. Abinci za ki ƙara.

Bari in nuna miki da lissafi. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da jiki ke samu daga abinci. Mace mai shekarunki da tsawonki da nauyinki, ko da za ta wuni a kwance ba ta ɗaga ko tsinke ba, jikinta na ƙona wajen kalori 1,400 a bugun zuciya da numfashi da aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa da ɗumama jiki. In aka haɗa da tsayuwar aji da aikin gida da tsallen igiya, bukatarki ta kai wajen 2,100. Abin da kika lissafa min kina ci kuwa, a ƙiyasina da ƙyar ya wuce 800 ko 900. Gaskiya ne ba a rage kitse sai abin da ke shiga ya gaza wanda ke fita, amma giɓin da ake so shi ne na kalori 300 zuwa 500 a rana. Naki ya haura 1,000, kuma wata huɗu kina a haka.

An daɗe da sanin abin da irin wannan giɓin ke yi wa mutum. A shekarar 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya jagoranci bincike a kan maza 36 masu cikakkiyar lafiya waɗanda suka amince da kansu. An shafe mako 24 ana ba su kusan rabin abincin da suka saba ci, suna kuma tafiyar ƙasa ta wajen kilomita 35 a mako. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa a lokacin hutu ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100, bugun zuciyarsu ya yi ƙasa, sanyi ya addabe su, ransu ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba, ba su da tunani sai na abinci, ƙafafun wasu ma suka kumbura da ruwa. Ba na ce kin kai matakinsu ba. Amma su rabi aka ba su, ke naki bai ma kai rabin ba.

Jikin da aka tsuke wa abinci tsimi yake shiga. Yana rage ɗumin da yake samarwa, shi ya sa sanyin Jos, da kowa ya san shi, ya fi cin ki fiye da sauran mutanen gida. Yana rage miki kuzari ba tare da kin lura ba: inda da kike zagaya aji kina koyarwa, yanzu kujera kike nema. Gashi ba ya cikin abin da rai ya dogara da shi, don haka ana janye masa abinci, kuma zubar kan bayyana ne wata biyu zuwa uku bayan an fara takurar, daidai da abin da kike gani. Al'ada ma haka. Ƙwaƙwalwa kan rage saƙon da take aika wa mahaifar ƙwai idan ta ga abinci bai isa ba, sinadarin mata da ake kira istrojin ya yi ƙasa. Wannan shi ya fi damuna a cikin wasiƙarki, domin wannan sinadarin ne ke tsare ƙashin mace, ƙashi kuma yana kammala ƙarfinsa ne a wajen shekara 30, inda kike yanzu. Matsalar ta yi yawa tsakanin 'yan wasa har Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da matsaya a kanta a 2014.

Sikelin da ya tsaya kuma, za ki ji ana cewa wai in mutum ya rage abinci da yawa sai jikinsa ya daina ƙona kitse gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Abubuwa uku ne ke haɗuwa. Jikinki ya ragu kuma yana tsimi, don haka giɓin ya ƙanƙance. Jikin da ke cikin wahala yana riƙe ruwa, ruwan ya ɓoye kitsen da ya tafi. Na ukun, kada ki ji kunyarsa: yunwar kwana biyar takan rama a ranar biki ko suna, ko a bakin tukunya ana ɗanɗana miya, ko a ragowar abincin yaro. Wannan ba raunin zuciya ba ne, yunwa ce ke aikinta, kuma ƙara matsa mata ƙara mata ƙarfi ne.

Sakin hannuwa da cinyoyi alama ce ta cewa ba kitse kaɗai kika zubar ba. Ko a rage ƙiba na hankali, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke tafiya ba kitse ba ne, tsoka ce da ruwa. In giɓin ya yi yawa, furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, ya yi kaɗan, kuma babu aikin ƙarfi da zai sa jiki ya ga amfanin riƙe tsokar, asarar tana wuce haka. Ɗaurewar jikin da kike nema tsoka ce ke kawo ta, ke kuma tsarin da kike bi ita yake ci.

Yanzu abin yi. Ki ajiye maganar giɓi gaba ɗaya har sai al'adarki ta dawo kuma jirin ya tafi. Cikin mako biyu zuwa uku, ki riƙa ƙara abinci a hankali har ki koma ci sau uku a rana, kusa da kalori 2,000 ɗin nan. Ina gaya miki tun yanzu, sikeli zai hau da kilo 1 ko 2. Kada hankalinki ya tashi. Tsoka da hanta suna ajiye sukarin aiki, kowane giram ɗaya kuma yana tafiya da wajen giram 3 na ruwa, ga kuma nauyin abincin da ke cikin hanji. Ba kitse ba ne ya dawo cikin mako guda.

Furotin shi ne abin da za ki fi sa wa ido. Mai son gina tsoka yana bukatar wajen giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyinsa, ninki biyu na giram 0.8 da ake ba wanda ba ya wani aikin ƙarfi. A gare ki, giram 90 zuwa 110 a rana ya wadatar, a rarraba shi cikin abinci uku ko huɗu. Ba sai kin sayi garin furotin na gwangwani mai tsada ba. Ƙwai ɗaya na da wajen giram 6. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo, wajen 8. Kofi ɗaya na dafaffen wake, wajen 15. Yankan kifi ko kaza ko jan nama mai girman tafin hannunki, 20 zuwa 25. Awara ma tana da shi sosai kuma ta fi nama araha nesa ba kusa ba, sai dai wadda ake soyawa a bakin titi ta sha mai, gara ki sayi ɗanyarta ki saka a miya ko ki gasa. Ƙuli-ƙuli ya fi gyaɗa dacewa da ke tunda an matse yawancin mansa.

Misali, da safe ƙwai biyu da kindirmo marar suga da kunun acca ko koko. Da rana wake da shinkafa, waken ya rinjayi shinkafar, da kifi da kabeji da karas. Da la'asar awara ko alale. Da dare gwate mai ganye da yawa, ko malmala ɗaya ta tuwo da miyar kuka ko taushe da nama. Wannan ya kai ki wajen giram 100 ba tare da wani abincin waje ba. Haɗa wake da hatsi yana da amfani na musamman, domin abin da furotin ɗin ɗayan ya rasa, ɗayan na da shi.

Shinkafa da tuwo da kika yi wa ƙaura, ki dawo da su. Su ne man da tsoka ke aiki da shi, da ruwan ciki kuma ake jan na rijiya. Mu da muke Filato ma Allah ya huwace mana: dankalin turawan Bokkos da Mangu, in an dafa shi, giram 100 bai kai kalori 90 ba, kuma yana cikin abincin da ya fi riƙe ciki. Shi ɗin dai in aka soya shi ya haura 300. A nan ne kalori ke ɓuya, a mai da suga. Cokali ɗaya na cin abinci na man gyaɗa ko manja wajen kalori 120 ne, lemon kwalba na roba mai santilita 50 kuma yakan ɗauki suga fiye da giram 50. Ki auna mai da cokali maimakon tsiyayawa daga galan, ki bar lemon kwalba, kin riga kin yi rabin aikin. Ganye da kayan lambu kuwa, in kin leƙa kasuwar Farin Gada ki cika leda. Saboda jinin, ki ci hanta sau ɗaya a mako, ki haɗa wake da ganye da tumatir ko lemu, kuma kada ki sha shayi a kan abinci, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Mai ciwon ƙoda ne kaɗai zan ce kada ya ƙara furotin sai likitansa ya yarda.

Tsallen igiya ki dakatar da shi tukuna, tafiyar ƙasa ta minti 30 ta isa. Abin da za ki shigo da shi, da zarar jirin ya lafa, shi ne aikin ƙarfi kwana biyu zuwa uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarinta na 2020, kwana biyu ko fiye a mako ta ce kowane baligi ya yi. A ɗakinki za ki iya. Ki tsuguna kamar za ki zauna a kujera ki miƙe. Ki dafa bango ko bakin gado ki sauke ƙirji ki ture. Ki cika jarka mai lita 5 da ruwa, kilo 5 ke nan, ki dafa kujera da hannu ɗaya ki jawo jarkar zuwa ƙugu da ɗayan. Ki sunkuya da baya a miƙe ki ɗago jarka biyu daga ƙasa. Ki kwanta rigingine, gwiwa a lanƙwashe, ki ɗaga ƙugu sama. Kowanne sau 8 zuwa 12, ki huta minti ɗaya ko biyu, ki maimaita har zagaye uku. Sirrin yana cikin ƙari: ranar da 12 ɗin suka zame miki wasa, ki ƙara nauyi. Tsokar da ba a ƙara mata aiki ba ta da dalilin girma. Kada kuma ki ji tsoron za ki yi damtse irin na maza, jikin mace ba shi da yawan sinadarin da ke kawo hakan.

Tumbi ba a zaɓar masa motsa jiki na musamman ya narke shi kaɗai, ruwan ɗumi da lemon tsami ma ba sa narka kitse. Yana raguwa ne tare da sauran jiki, sau da yawa shi ne na ƙarshe. Tunda kin haihu, ki roƙi a duba ko tsokar cikinki ta rabu ta tsakiya, abin da kan faru bayan goyon ciki. In haka ne, likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ne zai koya miki atisayen da ya dace. Shayin rage ƙiba kuwa, da yawansu filasko ne ko maganin sa fitsari a ciki. Ruwa da bayan gida suke fitarwa, kitsen na nan daram, ga mai jiri kuma hatsari ne.

Barci ma ki ba shi haƙƙinsa, awa 7 zuwa 9. A wani bincike na Jami'ar Chicago da aka wallafa a 2010, mutanen da ke rage abinci sun zubar da kitse ƙasa da rabin wanda suka zubar da isasshen barci a lokacin da aka taƙaita musu shi zuwa awa biyar da rabi, asarar tsoka kuma ta ƙaru. Azumin nafila na Litinin da Alhamis, in kina yi, ki jinkirta shi har ki warware.

Idan al'ada ta dawo ta daidaita wata biyu ko uku a jere, ƙarfinki ya dawo, sannan ki buɗe ɗan giɓi, ki tsaya wajen kalori 1,700 zuwa 1,800, furotin da aikin ƙarfi suna nan yadda suke. Rabin kilo a mako ya isa. Ki rage hawa sikeli, ki nemi tef ɗin tela ki riƙa auna ƙugu daidai saitin cibiya duk mako biyu. Abin da ake so shi ne kada ƙugu ya kai rabin tsawon mutum, a gare ki ƙasa da santimita 81 ke nan. Mai gina tsoka tana iya ganin zani ya yi mata yawa alhali sikeli bai motsa ba.

In kuma kin cika wata uku ba ki ga al'ada ba, ki ga likitan mata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko asibitin da ya fi kusa da ke, kada ki jira. Haka nan in kin ga ƙara abincin na ba ki tsoro, ko kina jin laifi bayan kin ci, ko kina sa kanki amai, ki faɗa wa likitan ƙarara, domin wannan ciwo ne mai zaman kansa kuma ana maganinsa. Ki sa maigidanki cikin maganar tun yanzu, ya san dalilin da ya sa ƙwai da kifi za su ƙaru a cefane. Allah ya ƙara lafiya.