Don talaka majalisar Ingila ta yaƙi Sarki Charles?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Jarrabawar tarihin Turai ta matso, hankalina a tashe yake. A takardun da ake sayar mana an ce majalisar Ingila ta ja daga da Sarki Charles na Ɗaya ne don kafa dimokuraɗiyya. In rubuta haka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka kuskura, ɗana.

Tushen rigimar haraji ne da addini. A 1628 majalisa ta sa sarki ya amince ba zai ɗora haraji ba sai da yardarta, ba zai tsare mutum ba sai an faɗi laifinsa. A 1629 ya sallame ta, ya yi shekara 11 yana mulki ba majalisa, har ya faɗaɗa harajin jiragen ruwa, wanda garuruwan bakin teku ke biya don jiragen yaƙi, zuwa garuruwan da ko teku ba su gani. Yaƙi da Skotlan ne ya ƙarar masa da kuɗi, dole ya sake kiranta a 1640.

Amma maganar dimokuraɗiyyar nan, kullum sai na ci karo da ita, kuma masu buga takardun nan ne ke yaɗa ta, suna kwafar juna ba bincike. Su wa ke majalisar? Masu manyan gonaki, lauyoyi da attajirai. John Hampden da ya ƙi biyan harajin jiragen, hamshaƙin mai dukiya ne. A karkara, sai mai mallakar gonar da ke kawo masa sule 40 a shekara ke da ƙuri'a. Da wasu sojojin majalisa suka nemi a ba talaka ƙuri'a a muhawarar da aka yi a Putney, kusa da Landan, a 1647, Henry Ireton, surukin Oliver Cromwell, ɗaya daga cikin manyan kwamandojin sojojin majalisa, ya ce sam, zaɓe na masu kadara ne.

Kuma majalisar ba bakinta ɗaya ba. Doguwar takardar ƙorafi a kan sarki ta 1641 da ƙuri'a 159 ta wuce, 148 suka ƙi. Kafin a sare kan sarki a Janairun 1649, sai da Kanar Pride ya tare ƙofar majalisa da sojoji a Disambar 1648, ya hana masu son sulhu shiga. Ragowar kuwa, Cromwell ya kore su da bindiga a 1653. Ina dimokuraɗiyya a nan?

Ka rubuta cewa sun yi fafutukar taƙaita ikon sarki, kuma dokar haƙƙoƙi ta 1689 ce ta tabbatar da hakan.