Tambayoyinku: Bagaruwa a Faranti da Bagaruwa a Ciki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya gama karatun kimiyya a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma a kan bagaruwa ya yi bincikensa na shekarar ƙarshe. Ya ce min ta kashe ƙwayoyin taifot a ɗakin gwaji. To ga ƙanwarsa kwance, likita ya ce taifot ne, ya rubuta magani. Zan iya ajiye shi in jiƙa mata bagaruwa? Wata uwa daga Jahun, Bauchi.

Amsa: Wa'alaikumussalam, Hajiya. Allah ya ba yarinya lafiya. Don girman Allah kada ki ajiye maganin nan, ta shanye shi har ƙarshe.

Ɗanki bai yi miki ƙarya ba. Ni ma na yi irin gwajin nan da hannuna. Mukan shanya 'ya'yan bagaruwa a inuwa, mu daka su yi gari, mu jiƙa a sinadarin itanol kwana 2 ko 3, mu tace, mu ƙafar da ruwan har ya rage wani abu baƙi mai danƙo. Daga nan a shafa ƙwayoyin cuta a wani ɗan faranti, a huda rami mai faɗin milimita 6, a ɗiga. Ya kwana cikin ɗumi daidai zafin jikin mutum, digiri 37. Da safe sai ki ga faranti ya yi fari fat da ƙwayoyi, amma kewayen ramin wasai, kamar an share da tsintsiya. Ranar da na fara ganin wannan da'ira, kakata ce ta faɗo min a rai, don ita ke ba mu ruwan bagaruwa mu kuskure baki in dasashi ya kumbura.

Sirrin yana cikin baurin nan da ke ɗaure harshe. Sunansa tanin, kuma aikinsa kama furotin ya ƙanƙame shi. Shi ya sa majema ke jima da bagaruwa, fata ta daina ruɓewa. Abin da yake yi wa fata, kwatankwacinsa yake yi wa ƙwayar cuta in sun yi gaba da gaba.

To a nan gizo ke saƙar. A faranti suna haɗuwa ido da ido. A jikin 'yarki kuwa, ƙwayar taifot ba ta tsaya a hanji ba, ta ratsa ta shiga jini. Shi kuma tanin tun a ciki yake liƙe wa furotin ɗin abinci, kaɗan ne ke wucewa, har ma yakan tare sinadarin ƙarfe da jiki ke bukata don yin jini. Ga maganar yawa: ɗalibai sukan ɗiga ruwan da ya kai miligiram 100 a mililita ɗaya, alhali 'yar takardar maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin cuta, wato siprofuloksasin, da ake kwatantawa da ita maikurogiram 5 kacal ke jikinta (sai an tara maikurogiram 1,000 ake samun miligiram ɗaya). Jiƙon kofi a gida ba zai kai kaurin na ɗakin gwaji ba. Taifot ɗin da aka yi wa sakaci kuwa, a mako na uku yana iya huda hanji, sai tiyata. Wannan ne ke hana ni barci in na ji irin tambayarki.

Ba raina itatuwanmu nake ba. Kwinin daga ɓawon itace aka ciro shi a Faransa a 1820. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau tushensa ganye ne, Tu Youyou da abokan aikinta suka tace shi a Sin a 1972. Sai da aka ware sinadarin, aka auna, aka gwada a jikin mutane. Ki ƙarfafa wa ɗanki gwiwa ya ci gaba, matakin farko ya taka.

Tambaya: Malama, me ake nufi da antioksidan da ake cewa zoɓo na da shi? Wani ɗalibi daga Azare.

Amsa: Ɗana, fere doya ka ajiye, za ka ga ta yi duhu, iska ce ta taɓa ta. Matsa mata lemon tsami, sai ta daɗe fara. Duk abin da ke tare irin wannan lalacewa shi ne antioksidan. A zoɓo, jan launin ne da kansa, ana kiransa antosayanin. Mu a ɗakin gwaji wani ruwa ne mai launin shunayya muke ɗiga wa, in ya koɗe ya koma rawaya, mun san akwai shi. An gwada zoɓo a jikin mutane, an ga yana ɗan sauke hawan jini, amma bai kai ya maye gurbin magani ba. Ka sha abinka, ka rage sukari. In kana son gani da idonka, jefa ɗan gutsuren kanwa a rabin kofi ka ga yadda jan zai juye ya yi duhu.